Yadda Ake Zaɓar Wuta da Tukunyar da Suka Dace da Nama da Kifi a Gida

A shagunan kayan girki da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen Terminus a Jos, mai saye zai tarar da kurfoti da wayar gashi a gefe guda, tukunyar matsi da obin da na'urar suya mai aiki da iska a ɗaya gefen, kuma kowane mai shago zai tabbatar masa cewa abin da ke hannunsa shi ne zai kawo ƙarshen wahalar girki. Kowanne daga cikin waɗannan kaya yana da naman da yake gyarawa da wanda yake lalatawa, don haka tambayar da ta kamata uwargida ta fara yi ita ce wane yanki ne a gabanta, sannan ta zo kan wutar da za ta kunna. Bayanin da ke tafe zai bi aikin daki-daki, tun daga teburin mahauci har zuwa ajiyar abin da ya rage, tare da auna kayan aikin da juna a kowane mataki.

Mataki na farko: sanin abin da aka sayo

Nama iri biyu ne a wurin mai girki, ko na sa ne ko na rago ko na akuya. Akwai na sassan da dabba ke aiki da su kullum, wato ƙafa da wuya da ƙirji da bindi da kai, sai a haɗa musu da ganda da tumbi. Waɗannan cike suke da jijiya. Akwai kuma na sassan da ba su cika wahala ba, kamar tsokar gadon baya da ta cikin cinya, a haɗa musu da hanta da ƙoda. Jijiya ba ta narkewa sai ta daɗe a cikin zafi mai laima da ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ta narke ita ce ke sa romon ƙafar saniya ya riƙa kama leɓe, ya kuma daskare idan ya huce. Tsoka zalla halinta akasin haka ne, domin duk minti ɗin da ta ƙara a wuta ƙanƙancewa take yi tana matse ruwan jikinta. Saboda haka yanki mai jijiya yana son ƙaramar wuta da dogon lokaci a rufe, yanki mai laushi kuwa yana son babbar wuta da gajeren lokaci a buɗe. Duk sauran bayanin nan a kan wannan rabon ya tsaya.

Yana da kyau a tuna cewa yawancin shanun da ake kaiwa kasuwannin dabbobi na Kara ta Bukuru da 'Yan Shanu dabbobin kiwo ne da suka yi shekaru suna yawon neman ciyawa, namansu ba shi da kitse a tsakanin tsoka, kuma ya fi tauri nesa ba kusa ba a kan naman da masu koyar da girki na ƙasashen waje ke nunawa a intanet. Wanda ya ɗauki lokacin da suka faɗa ya ɗora a kan naman kasuwarmu zai sauke tukunya da sauran aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a faɗa wa mahauci abin da za a dafa maimakon a tsaya ga nuna tsoka da yatsa. Idan aka ce masa, "Malam, na farfesu nake so," ya san inda zai kai wuƙa, haka nan idan aka ce na tsire ne. Naman da aka yanka da safiyar ranar kuma yakan sandare bayan 'yan sa'o'i, ba ya sakin jiki sai ya kwana, kuma wannan ita ce hikimar rataye ragon layya zuwa washegari kafin a sassara shi. Sanyin Jos yana taimakawa a lokacin hunturu, amma a watannin Maris da Afrilu firji ne wurin kwanan nama.

Kaji ma haka suka rabu. Kazar gidan gona da ake yankawa tana da mako 6 zuwa 8 tana cikin rukunin masu laushi, alhali kazar Hausa da zabo da tsofaffin kajin ƙwai da gonaki ke fitarwa suna cikin rukunin masu buƙatar doguwar dahuwa. Kifi kuwa duk irinsa mai laushi ne, abin da ya bambanta shi kawai shi ne maiƙo: tarwaɗa da titus suna da mai a jiki, suna jure gashi, yayin da karfasa da giwan ruwa da panla ke saurin bushewa. Kiwon kifi tsohon abu ne a Filato, tun da gonar kifi ta Panyam da ke Ƙaramar Hukumar Mangu ta samo asali ne daga farkon shekarun 1950, kuma a yau samun tarwaɗa mai rai a cikin gari ba wahala ba ce, don haka babu dalilin sayen wadda ta mutu ba a san yaushe ba. A kifin da ba shi da rai, a duba idonsa ya kasance garau, jikinsa kuma idan an danna da yatsa ya dawo.

Mataki na biyu: shiri kafin wuta

Daskararren nama ko kifi a sauko da shi ƙasan firji ya kwana, ko a ƙulle shi a leda a nutsa cikin ruwan sanyi ana sauya ruwan. Shanya shi a rana yana sa bayansa ya fara lalacewa alhali cikinsa ƙanƙara ce. Tarwaɗa ana fitar da yauƙinta da gishiri da lemun tsami, ko a kwara mata ruwan zafi a kankare nan take, kuma ruwan zafin yana da ƙarin amfani, domin yana ɗaure tsokar ta yadda ba za ta watse a cikin romo ba. A yanka nama daidai wa daida don ya nuna tare, kuma a yanka shi a gicciye, kada a bi tsawon zaren tsoka, musamman idan na tsire ne. Katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa kabeji ko latas ko tumatirin da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu.

Game da tausasa nama, ɗanyar citta da ɗanyar gwanda da ruwan abarba duka suna da sinadarin da ke sassauta tsoka, kuma rabin awa zuwa awa biyu ya wadatar. Idan aka wuce haka da gwanda ko abarba, bayan naman zai yi laɓo-laɓo. Kanwa tana aiki, amma tana sauya launi da ɗanɗano, kuma ni ban ga buƙatarta ba ga mai haƙurin rage wuta. Abin da ba shi da gurbi ko kaɗan shi ne jefa ƙwayar farasitamol a tukunya, al'adar da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta yi gargaɗi a kanta, domin magani ne da yawansa ke illata hanta. Kifi kada ya wuce minti 20 zuwa 30 a cikin lemun tsami. Duk abin da za a soya ko a gasa kuma, a tsane shi a goge ruwan jikinsa sarai, saboda launin ja da ƙamshin suya ba sa fitowa sai zafin fatar naman ya haura kimanin digiri 140, kuma muddin akwai ruwa a jikinsa ba zai kai nan ba.

Mataki na uku: dahuwa a ruwa, inda Jos ta bambanta

Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga bakin teku, kuma a irin wannan tsayi ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96, ba 100 ba kamar a Legas. Bambancin yana da ƙanƙanta a ido, amma a kan naman da zai yi awa uku a wuta yana ƙara lokaci, kuma shi ne dalilin da ya sa wadda ta taso daga wani gari takan ga kamar wake da ganda sun fi taurin kai a nan. Ƙara wuta ba ya magance wannan. Da zarar ruwa ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya zafinsa ya tsaya ke nan, kuma duk ɓararrakar da ake ji bayan haka gas ne ke ƙonewa, ruwa na ƙafewa, tsoka na ƙara tauri.

Ga yadda ake yi a tukunya ta yau da kullum. A zuba naman da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, a rufe ba tare da ruwa ba, a ɗora a ƙaramar wuta na minti 10 zuwa 15 har ya fitar da ruwan jikinsa ya sha kayan ƙamshin. Daga nan a zuba ruwan zafi daidai yadda zai rufe naman, kada ya yi iyo, a bari ya tafaso, a kwashe kumfar da ta taso, sannan a rage wuta har sai ruwan yana motsi a hankali kawai. Masoro da kimba da kanumfari da gyaɗar miya su shiga a tsakiyar dahuwa, attaruhu da ganyen ƙamshi kuwa sai kusa da saukewa. Idan ruwa ya yi ƙasa a ƙara mai zafi. Naman sa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙafar saniya awa uku zuwa huɗu, kazar Hausa awa ɗaya ko fiye, kazar gidan gona kuwa minti 20 zuwa 25 sun ishe ta.

Irin tukunyar yana da tasiri a nan fiye da ko'ina. Siririyar tukunyar alminiyam tana saurin ɗaukar zafi, amma tana tara shi wuri guda a gindi, don haka takan kama kafin nama ya yi laushi. Mai kauri da maƙera ke zubawa ta fi ta rarraba zafi, kuma ita ce ta fi dacewa da doguwar dahuwa a kan gas ko gawayi. Tukunyar ƙasa ta fi kowace riƙe zafi, tana ci gaba da aiki ko da garwashi ya yi sanyi, kuma farfesun da aka yi a cikinta yana da ƙamshin da ƙarfe ba ya bayarwa. Aibinta shi ne ba ta jure sauyin zafi na farat ɗaya, idan aka zuba mata ruwan sanyi tana kan wuta za ta tsage.

Tukunyar matsi, wadda aka fi sani da firesha, ita ce ke warware matsalar tsayin gari daga tushe. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙirƙiro ta a 1679, kuma tun a lokacin manufarsa ita ce tausasa ƙashi da nama mai tauri. Tana kulle tururi a ciki, matsin ya ƙaru, ruwa ya kasa tafasa sai ya doshi digiri 120, kuma a wannan zafin jijiya tana narkewa cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na lokacin da aka saba. Kafin a ɗora ta a duba robar murfin ba ta tsage ba, a ɗaga murfin ga haske a tabbatar ramin fitar tururi a buɗe yake. A zuba nama da kayan ƙamshi da ruwa kofi ɗaya ko biyu, kada abin da ke ciki ya wuce kashi biyu bisa uku na tukunyar. A kulle, a ba ta babbar wuta har ta fara huci, sai a rage wuta sosai, kuma daga wannan lokacin ne ake fara ƙirga mintoci: naman sa 25 zuwa 30, kazar Hausa 20 zuwa 25, ƙafar saniya 45 zuwa 60. Idan lokaci ya cika a kashe wuta a ƙyale ta minti 10 zuwa 15 har matsin ya sauka da kansa. Kada a taɓa tilasta wa murfin buɗewa, domin ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni.

Tana da nata raunin. Ba a iya ɗanɗanawa ko duba nama a tsakiyar aiki, kuma da yake ruwa ba ya ƙafewa a cikinta, romon yakan fito tsararo. Maganin wannan shi ne a buɗe bayan matsi ya sauka, a gyara gishiri da yaji, a mayar da ita wuta a buɗe na minti 10 don romon ya haɗe. Kifi da hanta da kazar gidan gona kuwa ba su da abin nema a cikinta, za su dagargaje ne kawai.

Farfesun kifi tsarinsa a juye yake. Romon ake fara haɗawa, a bar shi ya dahu da kayan ƙamshinsa har ya yi daɗi shi kaɗai, kuma idan za a sa dankalin turawa, wanda Bokkos da Mangu suka wadata mu da shi, a fara sa shi ya kusa nuna. Sannan a jera gunduwoyin kifin, a rage wuta, a ba su minti 10 zuwa 12. Ba a sa ludayi a juya. A kama hannayen tukunyar a girgiza ta a hankali. Tukunya mai faɗi ta fi mai zurfi a nan, don kada wani yanki ya hau kan wani. Wanda likita ya hana maiƙo zai iya naɗe karfasa da albasa da citta ya turara ta a madambaci na kimanin minti 15.

Mataki na huɗu: suya

Al'adar tafasa nama kafin a soya shi tana da dalili mai ƙarfi, tun da tafasar ce ke narkar da jijiya, suyar kuma launi da ƙamshi kawai take ƙarawa. Kuskuren da ake yi shi ne ɗora wannan tsari a kan kowane nama, har da hanta da ƙirjin kazar gidan gona, waɗanda idan suka bi ta wuta sau biyu sai su bushe ƙamas. Waɗannan kai tsaye ake soya su. Wanda aka tafasa kuma a tsame shi a matsami ya sha iska har tururinsa ya ɗauke kafin ya shiga mai.

Zafin man suya tsakanin digiri 170 da 180 yake. Idan babu ma'auni a jefa yankin albasa: idan ya nutse ya yi shiru mai bai yi ba, idan ya taso nan take yana ƙananan kumfa ya yi, idan kuwa ya yi baƙi cikin daƙiƙoƙi ko man yana hayaƙi to ya wuce. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, domin cika kasko yana kashe zafin mai, naman ya koma dahuwa a cikin ruwansa yana shan maiƙo. Tataccen man gyaɗa ya fi jure zafi, man ƙuli na gida ya fi ƙamshi amma yana saurin hayaƙi, man shanu kuwa a bar shi ya zama na ƙarshe a kan abinci. Kifi a tsattsaga jikinsa, a shafa gishiri da yaji, a barbaɗa masa ɗan fulawa ko garin masara, a kwantar da shi a mai, sannan a cire hannu. Minti 4 zuwa 5 yake buƙata a kowane gefe, kuma idan ya soyu da kansa yake sakin kasko. Wanda aka yi ta taɓawa shi ne ke barin fatarsa a gindi.

A suya gas ya fi sauran wutar, saboda ana iya ƙarawa da ragewa a cikin ƙiftawar ido. Risho yana yi, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne kuma idan lagwaninsa bai daidaita ba warin kananzir yana bin abinci. Gawayi yana da zafi, amma rage shi sai an kwashe garwashi. Kaskon ƙarfe mai nauyi ya fi dacewa da nama, mai baƙin shafe wanda abinci ba ya kamawa kuma ya fi sauƙi ga kifi, da sharaɗin ba za a sa masa cokalin ƙarfe ko a bar shi a babbar wuta babu komai a ciki ba. Idan mai ya kama da wuta a kashe murhu a kifa masa murfi. Zuba ruwa yana watsa wutar ne.

Mataki na biyar: gashi

A kunna gawayi da ƙirare ko takarda, ban da leda da roba da kananzir, a fifita, a jira minti 20 zuwa 30 har harshen wuta ya mutu garwashi ya lulluɓe da farar toka. Sai a tura mafi yawansa gefe guda, a bar ɗaya gefen da kaɗan, ta yadda za a sami wurin ba nama launi da wurin da zai ƙarasa nuna a hankali. Wanda ya lura da tukubar mai tsire zai ga tsinkayen a kewaye da wuta ake kafa su, kitse yana ɗiga a toka, ba a cikin garwashi ba. Wannan dabara ce da ta cancanci kwaikwayo a gida, domin kitsen da ya faɗa wuta shi ne ke tayar da baƙin hayaƙin da ke ɓata ɗanɗano, kuma shi da ƙonannen gefen nama ba abin yawaita ci ba ne.

Don tsire, a fere tsoka siriri, a soke a tsinke, a shafa mai, a birkiɗa a yajin ƙuli mai citta da barkono, a gasa ana juyawa, a ƙara mai da yaji kusa da ƙarshe, tun da ƙuli yana saurin ƙonewa. Balangu da kaza mai ƙashi su fara a gefen da wuta ke da sauƙi, su ƙare a mai zafi. Kifi a shafa wa wayar mai kafin a ɗora shi, a ba shi kimanin minti 10 ga kowane kaurin santimita 2.5, a juya sau ɗaya tak. Waya mai ninki biyu da ke matse kifi a tsakiya tana sauƙaƙa juyawar ƙwarai.

Akwai gargaɗin da ya shafi Jos musamman. A daren Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ke shiga ƙashi, wasu sukan shigar da kurfoti ɗaki bayan an gama gashi don a ji ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a rufaffen ɗaki tana kashe mutane suna barci. Gashi a tsakar gida ake yin sa, garwashin kuma a can zai mutu.

Obin yana yin abin da gawayi ba ya iyawa, wato zafi daidai ta kowane gefe ba tare da tsayuwa a kai ba, amma ba ya ba da ƙamshin hayaƙi. A kunna shi minti 10 zuwa 15 kafin a sa komai. Kazar gidan gona mai nauyin kilo ɗaya da rabi tana ɗaukar kimanin awa ɗaya da kwata a digiri 190 zuwa 200, cinyar rago kuwa a rufe ta da ɗan ruwa a ƙasan faranti, a ba ta awa uku a digiri 160, a buɗe a ƙarshe ta yi ja. A garin da wutar lantarki ke iya ɗaukewa kaza tana rabin nuna, obin mai gas ya fi kwanciyar hankali. Wadda ba ta da ko ɗaya za ta iya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora ƙaramar waya a kai, ta rufe ya yi zafi, sannan ta sa farantin naman. Yana aiki, sai dai zafinsa da ido ake auna shi.

Na'urar suya da iska, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010, a haƙiƙa ƙaramin obin ce mai fanka. Tana yin kyau da yankakkiyar kazar gidan gona da titus da tarwaɗa, tana soya tafasasshen nama da cokali ɗaya na mai, kuma babu abin da ya kai ta ɗumama soyayyen abu. Amma ɗanyen naman sa marar kitse tana busar da shi, jijiya kuma ba ta san da ita ba. Galibinsu suna jan wat 1,400 zuwa 1,800, wato mai wat 1,500 za ta ci rabin yunit na wutar lantarki a minti 20, kuma ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. Kwandonta ma ƙarami ne, gidan mutum goma sai an yi zubi uku ko huɗu. A ganina, gidan da ke da gas da tukunya mai kauri, abin da ya kamata ya fara ƙarawa shi ne tukunyar matsi, domin irin namanmu da tsayin garinmu ita suke nema, kuma kuɗinta yana dawowa ta hanyar gas ɗin da aka rage ƙonawa. Kurfoti da waya su biyo baya, tun da ba su da tsada. Obin da na'urar iska su jira sai an duba yawan mutanen gida da halin wutar unguwa.

Mataki na shida: tabbatar da nuna da kuma ajiya

Ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke yana kawar da shakka: a soka shi a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, kaza ta kai digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, kifi 63. Idan babu shi, a soki cinyar kaza kusa da gaɓa a ga ruwan da ya fito garau ne babu ja, kifi kuma tsokarsa ta yi fari tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi. Gasasshen nama a bar shi ya huta minti 5 zuwa 10 kafin a yanka, don ruwansa ya tsaya a ciki maimakon ya malale a faranti.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, saboda ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. A raba ragowar a ƙananan robobi don ta yi saurin hucewa, a sa a firji, a ci cikin kwana uku, kuma a ɗumama iya abin da za a ci har ya yi zafi ta ciki. Romon tafashe kada a zubar; a daskarar da shi don miya ko dafa-duka. Inda firiza ba abin dogaro ba ce, kamar a makon Babbar Sallah da nama ke yin yawa, ruwan jikin naman ake kora: a soya shi a matsakaiciyar wuta har kumfar mai ta kwanta, a tsane, a baza ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da aka rufe da shi ne ke jawo fumfuna. Tsoka zalla a mayar da ita dambun nama, a soya har ya bushe. Kifi kuma a yi masa banda a kan ƙaramar wuta mai hayaƙi, nesa da harshenta, a riƙa juyawa har ya yi ƙarau, sannan a ajiye a kwando inda iska ke ratsawa, a kuma riƙa mayar da shi kan wuta bayan kwana biyu ko uku, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da damina ke cika iskar Jos da laima.